Ranar da Makarar Inna Ta Tsallaka Dogo

Wata Alhamis ce a tsakiyar damina, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki, na fara ganin jinin babban mutum yana zuba a ƙasa. Ina yaro a lokacin, ban daɗe da fara rubuta allona da hannuna ba. Da hantsi kakata Inna Dije ta cika. Bayan azahar an yi mata sutura, an sallace ta a ƙofar gida, maza huɗu suka saɓa makara, ni kuma aka ɗora mini tulun ruwan da za a kwaɓa ƙasar kabari. Hadari yana ta haɗowa daga gabas.

Ƙauyenmu a ƙasar Kiru yake, hanyar jirgin ƙasa kuwa, wato dogo, ta ratsa tsakaninmu da fadama tun kafin a haifi mahaifina. Turba ɗaya muke bi mu tsallaka dogon. Ta nan mata suke zuwa rafi da tuluna, ta nan muke kora awaki kiwo, a bakinta muke langa har a kira magariba, wani lokaci mu kara kunne a jikin ƙarfen mu ji ko jirgi yana tafe. Maƙabartarmu ma tana can hayin, ƙarƙashin itatuwan ɗorawa. A shekarar ne wani ɗan kwangila ya kawo leburori za su shimfiɗa layi na biyu, inda taragu za su riƙa tsayawa ana lodin gyaɗa. Suka tara tudun ƙasa a kan turbarmu, suka ja waya mai ƙaya, suka ce an buɗe sabuwar mahaya can gaba da kwari. Zagayen yana da nisa, kwarin kuma idan ya kawo ruwa sai ya kai mutum ƙirji. Mutane suka yi gunaguni suka bi. Amma tun da aka toshe turbar ba a yi mutuwa ba sai ranar.

A al'adar garinmu, makara in ta bar gida ba a sauke ta a hanya, ba a kuma juya ta baya. Ƙanin mahaifina, Baffa Sule, shi ne autan Inna, shi ya kutsa ta cikin waya kafin azahar ya haƙa mata kabari kusa da na mijinta. Ya san in ruwa ya sauko kafin mu isa, ramin zai cika, gawa ta kwana a waje.

Da muka iso wayar sai heluma, wato shugaban leburorin, ya tare mu. Liman ya yi masa sallama ya ce, "Bawan Allah, gawa ce, ga maƙabartar can kana hangowa." Heluma ya ce an ba shi umarni ko kaza kada ta wuce, mu zagaya. Baffa Sule ya ce, "Uwata ce kake haɗawa da kaza?" Ya zaro gatarin haƙa ya sare turken wayar.

Abin da ya biyo baya har yau ina jin ƙararsa. Leburori suka sauko daga tudu da diga da shebur, mutanenmu suka zari sanduna da fartanya, aka kaure. Na ga mahaifina, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya kai wa wani lebura sanda a hannu har ƙashin ya fito. Na ga an jefi maƙerin garinmu da tsakuwar dogo, haƙoransa suka zube. Liman yana tsakiya yana kabbara, rawaninsa ya warware ana tattakawa. Tuluna ya faɗi ya fashe, na durƙusa cikin kunyar gona ina kuka. Sai wani ya sauke bakin shebur a tsakar kan Baffa Sule. Ya zube, ya tashi, jini ya rufe masa ido, yana cewa, "Ku wuce da ita! Ku wuce!" Masu makara ba su sauke ta ba. Suka taka wayar da ƙafafunsu ba takalmi, ƙayar tana tsaga su, suka hau tudun, suka tsallaka.

An rufe Inna ruwa yana fara sauka, da ruwan saman aka kwaɓa ƙasarta. Washegari dogarai suka zo suka tafi da mahaifina da wasu, sai bayan kaka aka sako su. Aka mayar da wayar, aka ƙara mata tsayi. Baffa Sule ya yi ta zazzaɓi, bai ƙara gane kowa ba, kafin wata Juma'ar ta zagayo ya bi uwarsa. Shi aka fara ɗauka ta sabuwar mahaya, makarar a bisa kawuna, masu ɗauka suna ratsa kwari ruwa har ƙirji.

Yau yaran garinmu da babur suke zagayawa, ba su san an taɓa yin wata turba a wurin ba, dawa ta cinye ta. Ni kam ƙafa ta yi nauyi. Ranar Juma'a nakan tsaya daga wannan gefen, in hango ɗorawoyin, in yi wa Inna da Baffa Sule addu'a, har da leburan nan da mahaifina ya karya wa hannu, wanda ban san sunansa ba. Allah dai ba a toshe hanyar zuwa gare Shi.