Zana a Kan Ɗakin Kwamfuta

A shekarun da kwamfuta ta fara shigowa Jega, ina aiki a shagon kawuna kusa da kasuwa. Muna buga takardu, muna ɗaukar ƙananan hotuna na takardun shaida. Kwamfutoci huɗu ne a gaba, duk an haɗa su da wata babba da ke ƙuryar shagon. Wanda ya haɗa mana ita ya ce sunanta saba. Mu dai uwa muke ce mata, don duk abin da muka taɓa bugawa ko ɗauka a cikinta yake.

Ɗakinta ɗan tsukuku ne, rufin kwano, babu taga, wani tsohon esi ne ke sanyaya shi. Wata bazara, ana tsakar zafi, esin ya yi ƙara ya tsaya. Mai gyara ya ce sai an nemo abin da ya ƙone daga Sakkwato, kuma bai sa rana ba. Daga nan uwa ta fara kashe kanta. Da hantsi ya ɗaga fankar cikinta za ta ɗauki kuka, kafin sha biyu ta mutu. Na kunna mata fankar ƙasa, iskar zafin kawai take juyawa. Na so in rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa, Kawu ya hana, ya ce danshi zai fi zafin yi mata illa.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa, wani dattijo ya yi sallama. Manomin albasa ne daga Aliero, dogo, gemunsa duk furfura.

"Ɗana, yarona ya taho nan bara, kun ɗauke shi hoto don takardar tuƙi. An ce mani hoton shina nan cikin injin."

"In nan aka ɗauka yana nan, Baba. Wani yake so?"

"Allah ya yi mashi rasuwa. Motar albasa ta hwaɗi da su hanyar kudu. Takardar na jikinai, ba a ganta ba."

Na yi masa ta'aziyya. Sannan dole na gaya masa injin ya mutu saboda zafi, ko an tashe shi ba ya jimawa, ga hotuna tuli da sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, don lamba muke sa musu ba suna ba. Bai yi fushi ba. Ya ce in nuna masa inda injin yake.

Ya shiga ɗakin, ya dafa bango, ya ɗaga kai ya dubi kwanon, ya durƙusa ya taɓa siminti. Ya fito yana share gumi, ya dubi Kawu.

"Alhaji, ko albasa kas sa nan, kwana ukku ta ruɓe. Ba inda iska ka shiga, ba inda taka hita."

Ya kwatanta mana rudu, rumbun da suke ajiye albasa a ciki har ta kai damina: a ɗaga shi daga ƙasa, a yi masa jinka, a bar iska ta riƙa ratsa shi. Kawu ya gama saurare, sannan ya ce, "Baba, in za ku iya, ga ɗakin nan."

Washegari da sassafe ya iso da zana huɗu da damin kara a saman motar haya. Ni da Kawu muka hau rufin, shi yana ƙasa yana ba da umarni. Muka jera sanduna, muka shimfiɗa zanar a kansu, ya nace sai an bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da kwanon. Ya sa aka kira magini ya huda bango wuri biyu, ɗaya ƙasa ta ɓangaren inuwar dalbejiya, ɗaya sama dab da rufi, muka rufe su da ragar sauro. Da hannunsa ya ɗaure ɗan gadon kara, muka ɗora katako, muka aza uwa a kai. Fankar kuma ya ce a juya ta ta fuskanci hudar sama, ta riƙa korar zafin waje.

Ɗakin bai yi sanyi ba, ba zan ce ya yi ba. Amma mutum na iya tsayawa ciki ya yi numfashi. Ran nan uwa ta wuce sha biyu, ta wuce azahar tana aiki.

Na zaunar da shi kusa da ni, na riƙa buɗe hotunan bara. Fuskoki suna wucewa, yana girgiza kai. Mun jima a haka. Can sai ya kama hannuna.

"Tsaya. Shi na."

Saurayi ne siriri, da hula a karkace, kamar yana danne dariya. Dattijon ya daɗe yana kallon gilashin kwamfutar, leɓɓansa na motsi. Kawu ya tashi ya koma bakin ƙofa ya ba mu baya.

Na tambaye shi guda nawa zan fitar. Ya ce biyu. Ɗaya na uwar yaron, ɗaya kuma zai kai Gumbin Kure, can ƙasar Maiyama, inda matar mamacin ta koma gidan iyayenta bayan takaba, da jaririya a goye.

"In ta girma za ta tambaya," in ji shi. "A samu abin nuna mata."

Na fitar da su manya, na sa su a ambulan. Ya naɗe ambulan ɗin da rawaninsa, ya rungume a ƙirji. Kawu ya raka shi har tasha, ya tsaya sai da motar Aliero ta tashi. Da ya dawo, ya ce in rufe shagon mu tafi masallaci, an kira la'asar.