Fil a Cikin Auta

Anti Tela ake ce mata a layin, don shekara goma sha biyar ke nan tana ɗinki a ɗan shagon da ke jikin gidansu. Mijinta direban motar haya ne, in ya fita da sassafe sai yamma. 'Ya'yanta huɗu, kuma ita kanta ta san ba riƙo ɗaya ta yi musu ba.

Da ta haifi na fari, wata shida ba ta taɓa keken ɗinki ba. Kofinsa daban, cokalinsa sai an tafasa, duk mai son ɗaukarsa sai ya wanke hannu da sabulu, har surukarta ta yi fushi ta ce, "Ni da na haifi ubansa?" In ya yi atishawa sau biyu ta saɓa shi sai asibiti. Ta biyun ta samu rabin haka. Na uku kuwa, in cokali ya faɗi, gogewa take da bakin zani ta miƙa masa. Ita Auta a ƙarƙashin teburin yanka ta koyi rarrafe, cikin ƙyallaye. In wata ta yi magana, Anti Tela ta yi dariya ta ce, "Ƙyale ta, na huɗu ba ya fashewa."

Ran nan da hantsi tana gwada wa wata mata riga, ta ajiye fil uku a gefen kujera, irin masu rufewa ɗin nan. Ta juya ta ɗauko almakashi, ta dawo ta tarar da biyu. Auta na zaune a wurin, tana haɗiyar yawu da ƙyar, idonta ya kawo ruwa.

"Buɗe bakinki! Auta, buɗe!"

Ba komai a ciki. Ta zazzage ƙyallaye, ta ja kujera, ta shafa ƙasa da tafin hannu. Babu.

"A buɗe na ajiye shi ko a rufe?" ta tambayi mai rigar.

"Wallahi ban lura ba. A sa mata yatsa ta yi amai mana."

"Kar ki taɓa ta!"

Ta sunkuci yarinyar ta fita, ko shagon ba ta rufe ba. A mota ta riƙe ta a miƙe kamar kwanon da ya cika, duk ramin da aka faɗa sai ta ji tsinin a nata cikin. Auta kuwa wasa take da ɗankunnen uwarta. Wannan ya fi komai tsorata ta.

A asibiti nas ta tambaya, "Nawa ne nauyinta? Yaushe ta ci abinci?"

Anti Tela ta ce, "Ban sani ba." Da na fari ne, da har yawan cokalin da ya sha ta faɗa. Kunya ta haɗu da tsoro, ta zauna a bencin da nas ɗin ta tura mata.

Aka ɗauki hoton cikin. Likita ya ɗaga shi ga haske, ga fil nan fari tas a tsakiya.

"Kin taki sa'a, a rufe yake. Ku koma gida, ki riƙa duba kashinta. In ta yi amai, ko kika ga jini, ko cikin ya kumbura, ki dawo da gudu."

Kwana uku shago na rufe. Ta hana yayyen ɗaga Auta sama, ta hana su sa ta dariya. Duk kashin da yarinyar ta yi sai ta tona da tsinke. Mijin ya kira daga hanya ya fi sau goma a yini, tambaya ɗaya: "Ya fito?"

A safiyar rana ta uku tsinken ya taɓa ƙarfe. Ta zauna dirshan a ƙofar banɗaki ta fashe da kuka, yaran suka zagaye ta cirko-cirko, sun rasa ko murna za su yi.

Washegari ta kira kafinta ya kafa katako a ƙofar da ta haɗa gidan da shago, tsayinsa har ƙugu. Sati biyu ya yi aiki. A na uku ta ɗaga kai daga keke ta ga Auta ta jawo bokiti ta kifa, ƙafa ɗaya ta riga ta tsallako. Ihun da ta yi, sai da mai shagon kusa ya fito da gudu.