Audugar Inna a Naraguta

Shekarar da aka kawo ni gidan miji a unguwar Rikkos, na tarar da surukata tana kaɗi. Inna muke ce mata. Mutuniyar ƙasar Gombe ce, ta biyo mijinta Jos tun zamanin haƙar kuza, ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Ɗan nan shi ne maigidana, direban babbar mota mai kawo kaya kasuwar Farin Gada. Duk sanda ya sauka wajen garin su Inna sai ya riƙo mata ƙunshin auduga.

Wata rana ya dawo da irin auduga an cuɗa shi da magani, da famfon feshi da ya aro.

Ya ce, "Inna, malamin gona ya ce sabon iri ne. A garinku yanzu kamfani ke zuwa da sikeli yana saye."

Ta jujjuya irin a tafin hannu, ta ce, "Auduga ba ta son sanyi, ɗan nan. Ni ma da ƙyar na saba."

Amma da ruwa ya zauna ita ta riga mu ɗaukar fartanya.

Muka shuka a wata 'yar gona a Naraguta, gefen kududdufin kuza. Muka zuba takin zamani. Maigida kan ɗaure hanci da ƙyalle ya yi feshi, Inna na nesa tana mitar wari. Maƙwabtanmu masu noman dankali suka yi ta dariya, kuma sun yi gaskiya: audugar ba ta wuce gwiwa ba, furen ma rabi ya zube. Kwando ɗaya muka tsinta. Maigida ya mayar da famfo, bai ƙara tayar da zancen ba.

Inna kuwa ko a jikinta. Ta zaunar da ni a tsakar gida ta koya mini gurza da shiɓa, sannan ta miƙo mini mazari da alli. Zarena ya yi ta tsinkewa.

"Sassauta hannu, 'yata," in ji ta. "Ba guga kike ja ba."

Wata biyu muna kaɗi, ina da juna biyu, tana ba ni labarin garinsu da ba ta ƙara gani ba. Zaren bai isa gwado ba, sai masaƙi ya fitar mana da majanyi. Da shi na goyi 'yata ta fari, Inna ce ta fara ɗaura mini shi da hannunta.