Ranar da Motata Ta Ƙi Zuwa Taba

Ranar Litinin ce, da hantsi, cikin kakar bara. Ni kaɗai ne a gidana na Ikara, kamar yadda nake tun rasuwar mai ɗakina. Ina zaune cikin motar lantarkin da ɗana ya aiko mini daga Abuja, ƙarƙashin rumfar da nake yi mata caji da sola.

Motar ta jima tana nuna mini saƙo a allonta duk safiya, wai tana so ta sabunta manhajarta, wato umarnin da take aiki da shi. Kullum ina danna a'a. Ran nan ba ni da inda za ni, sai na amince. Ta gargaɗe ni cewa ba za ta motsa ba sai ta gama. Na rufe ƙofa na koma ciki na ɗora shayi.

Ruwan bai tafasa ba waya ta yi ƙara. Babban ɗan abokina ne daga Taba, cikin ƙasar Kudan. Da mahaifinsa muka yi firamare. Ni na tafi aikin rediyo, shi ya zauna yana noman rake, kuma a cikin sa'o'inmu mu biyu muka rage.

Ya ce, "Baba, Allah ya yi wa abokinka rasuwa ɗazu. Ana idar da azahar za a yi jana'iza. Ya bar wasiyya kana cikin masu sa shi a kabari."

Na ce, "Ga ni nan tafe, ai akwai mota."

Da na fito, layin da ke nuna ci gaban aikin ya tsaya wajen rabi. Na jira, bai gusa ba. Can sai allon ya rubuta cewa sabuntawar ba ta kammalu ba, a tuntuɓi masu gyara. Na danna maɓallin tayarwa, shiru. Na kira ɗana, bai ɗauka ba. Daga baya ya turo saƙo cewa yana taro, kada in taɓa komai.

Na aika aka kira bakaniken bakin titi. Ya zo da jakar sifanoninsa, ya ɗaga bonet, murfin gaban motar, ya tarar da akwatin ajiye kaya.

"Alhaji, ina injin?"

"Babu."

"To ni me zan kwance?" Ya zagaya ta, ya sunkuya ya leƙa ƙasa. "A tura ta mana. Ban taɓa ganin motar da ta ƙi turi ba."

Maƙwabta suka fito, har da mai shagon kusa da ni. Suka jingina kafaɗa a bayanta, bakanike yana ba da murya. Tayoyin a kulle suke, ko girgiza ba ta yi ba. Mai shago ya miƙe yana haki ya ce, "Wannan ba mota ba ce, Alhaji, waya ce aka sa wa taya." Aka yi dariya. Da na faɗa musu inda za ni, dariyar ta ɗauke, suka yi mini gaisuwa, kowa ya koma harkarsa.

Ƙuguna ba ya ɗaukar doguwar tafiya a babur, don haka na nufi tasha. Motar Makarfi ba ta tashi sai ta cika. Na zauna a gidan gaba ina kallon rana tana hawa. Da muka isa Makarfi ana kiran azahar, ga sauran tafiya, ga kuma jiran wata motar.

Na yi sallah a masallacin tasha. Ina fitowa yaron ya sake kira.

"Baba, kana ina? An fito da shi, an yi sahu. Liman ya ce a tambaye ka."

Ina jin muryoyin jama'a a bayansa. Na san mutanen fadama sun baro aiki, suna tsaye cikin rana. Na kuma san ba a ajiye mamaci don jiran mai rai. Na yi shekaru ina karanta sanarwar rasuwa a rediyo ba tare da muryata ta yi rawa ba, da wannan muryar na amsa masa.

"Ku yi masa sutura, kada ku jira ni. Kai ka shiga kabarin a madadina."

Ya ce, "To, Baba."

Na isa Taba bayan la'asar. An dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Yawancin waɗanda ke zaune ban san su ba, su ma sai da aka faɗa musu ko ni wane ne. Yaron ya raka ni kabarin, ƙasar ba ta bushe ba. Na yi addu'a, na kwana a garin.

A makon da ya biyo baya wani ma'aikaci ya zo daga Kaduna da kwamfuta, ya haɗa ta da motar, ta tashi. Na tambaye shi abin da sabuntawar ta ƙara. Ya ce ta gyara lissafin cajin batir, ta kuma canza launin taswira.