Lambobin Baba Mai Wasiƙa

Unguwarmu ba ta da sunan titi, gidajenmu kuma ba su da lamba. Abin da muke da shi kawai Baba Mai Wasiƙa ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a nan, da ƙafa, jaka a kafaɗa, har gidan waya suka sallame shi da agogon bango da takardar yabo. Ya rataye agogon a ɗaki, ya fito da benci ƙofar gidansa, daidai bakin hanyar shiga unguwa, ya ci gaba da aikin ba albashi.

Duk baƙon da ya shigo, mai kawo kaya ne ko mai neman dangi, wajensa ake tura shi. Baba zai ɗaga kai ya ƙare wa mutum kallo, sannan ya ce, "Gidan tela? Wanne, mai tari ko mai dariya? To bi nan, ka wuce famfo, ka shiga lungu na biyu. Kada ka buga ƙofa da ƙarfi, suna da jariri." Ya san wanda ya tashi da wanda ya dawo, ya san waɗanda ba sa ga maciji da juna don kada ya tura baƙon wannan ya yi tambaya a ƙofar wancan. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, takan ce da ya san inda take ajiye cokali kamar yadda ya san gidajen mutane, da ta huta.

Ni ce magatakardar ƙungiyar unguwa. Ba nema na yi ba. Ranar zaɓe ni kaɗai na zo da biro, shi ke nan aka ɗora mini. Kowace Asabar da yamma muke zama a ajin da nake koyarwa, manyan mutane a kan kujerun yara, gwiwa na taɓa haɓa, muna ta kai ruwa rana a kan kwata da bola da fitilar titin da ta mutu tun ina budurwa. Baba ba ya fashin zuwa, ba ya kuma magana. Yana can kujerar baya, sai in an rasa sanin wane ne mai wani gida a juya a tambaye shi.

Wata Talata da rana tsaka naƙuda ta kama matar kafinta, abin ya zo da gardama, aka kira motar asibiti. Motar ta shigo unguwa, ta yi ta kewaye kusan rabin awa tana jiniya, mutane na ta nuna hannu ko'ina. Kafin ta iso ungozoma ta riga ta karɓi haihuwar, uwa da jaririya lafiya. Kowa ya sauke fushinsa a kan direban motar. Ni ma na sa baki, ban da kunya, na ce ai ko makaho ya fi shi sanin hanya.

Washegari da na taso daga makaranta Baba ya yafito ni. Ya matsa mini a bencin, ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"'Yata, direban nan ba shi da laifi," in ji shi. "Ni ya tambaya. Na tura shi tsohon gidan kafinta, wanda ya bari shekara tara da suka wuce."

Na ce, "Haba Baba, kowa na mantuwa."

"Ba irin wannan ba. Jiya na tsaya ina kallon ƙofar mai wanki, na rasa ta wace ce. Unguwar nan tana zubewa daga kaina, kaɗan-kaɗan. Ina so in sauke ta a jikin bango kafin ta ƙare. Amma ki rufa mini asiri."

Ban taɓa ganin tsoro a idon mutumin nan ba sai ranar. Na yi masa alkawari.

A zaman Asabar na kawo shawarar a sa wa gidaje lamba, na fake da maganar motar asibiti. Abin mamaki, ba wanda ya yi musu, mu da ko launin bokitin shara sai mun yi wata guda muna jayayya a kai. Shugaba, mai sayar da kayan gini, ya ce ya ba da fenti rawaya gwangwani biyu. Sai ga hannun Baba a sama daga kujerar baya. Ya ce shi zai yi, kuma ba ya son ɗan rakiya. Aka tafa masa.

Mako uku ya yi yana fita da sassafe da gwangwani da buroshi. Rubutunsa tsaf, kamar na kan ambulan. Sai da ya gama muka gane abin da ya yi mana. Lamba ɗaya tana kantin bakin hanya, lamba biyu tana tsallaken titi, lamba uku ta shige wani lungu a bayan injin niƙa. Gidana goma sha huɗu, na maƙwabciyata da muke jin tarin juna sittin da ɗaya. Ashe hanyar da ya saba bi da wasiƙu ya bi. Da safe gefen inuwa yake bi, in rana ta juya ya dawo ta ɗaya gefen. Gidan da ke da mugun kare ya bar shi can ƙarshe, alhali karen ya mutu tun kafin a haifi ɗana na fari.

Zaman da ya biyo baya ajin ya cika har taga. Mai gyaran babur ya miƙe, kujerar yara ta biyo shi a ƙugu, ya fizge ta ya ce, "Shugaba, ni lamba tara, wanda muke katanga ɗaya da shi saba'in da uku! Surukina ya zo jiya, sai da ya zaga unguwar nan sau biyu, ya iso yana haki kamar an koro shi."

Aka fashe da dariya, sannan aka shiga hayaniya. Wani ya ce a shafe duka a sake. Wata ta ce dama aikin ido ba na tsoho ba ne. Ina riƙe da biro, bakina cike da magana, amma alkawari ya ɗaure ni. Haushin mutanen nan ya kama ni, haushin kaina ya fi.

Baba ya dafa tebur ya tashi.

"Shugaba, a ba ni dama." Kowa ya waiwayo kujerar baya. "Ba wasa na yi muku da fenti ba. In na bi layi kai tsaye, sai gidajen su zame mini baƙi. In na bi hanyar wasiƙa, ƙafata ce ke tuna mini. Kaina ya fara yoyo, 'ya'yana. Motar asibitin nan ni na ɓatar da ita, ba direba ba."

Duk ido ya koma kan kafinta. Mutum ne mai saurin hawa, ya taɓa jifan mai bin mitar ruwa da guduma, Allah ya sa bai same shi ba. Ya zauna yana kallon hannuwansa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Baba, ashe kai ne," in ji shi a hankali. Ya ɗago kai. "To yarinya dai tana nan, kuka take yi kamar an biya ta. Ni tambaya ɗaya gare ni. Lamba nawa ka tsaya?"

"Ɗari da goma sha biyu."

Kafinta ya juyo gare ni. "Malama, gida nawa ne a littafinki?"

Na duba, kunya ta rufe ni. Tamanin da tara ne. Ƙofa ashirin da uku ƙungiyar unguwa ba ta san da zamansu ba: masu haya a ɗakunan baya, tsohuwar da ke bayan injin niƙa, iyalin da ƙofarsu ke kallon kwata. Shekara da shekaru muna yanke shawara a kan shara da ruwa, ba wanda ya taɓa gayyatar su.

Nan magana ta juya. Aka tsayar cewa za a sa sabuwar lamba shuɗiya bisa layi, saboda baƙi da motar asibiti, amma ba mai taɓa rawayar Baba. Kafinta ya ce zai yi babban allo a bakin hanya a zana taswirar unguwa a kai. Mai gyaran babur ya ce ya yarda, amma a rubuta a littafi cewa surukinsa ya sha wahala. Na rubuta.

Asabar huɗu muka yi muna bin Baba a hanyarsa, shi a gaba, ni da littafi, sauran da gwangwani. Yana tafe yana faɗa, ina rubutawa. Inda ya kakare, masu gida su fito su cike masa. Tsohuwar bayan injin niƙa ta zo zama na gaba da kujerarta, ta kuma fi kowa surutu. Ita ce ta matsa mana lamba har aka gyara fitilar titi.

Baba yana nan a bencinsa. Baƙi yanzu allo suke dubawa, amma 'yan unguwa ba sa wucewa ba su tsaya ba, kuma ba tare da an yi taro a kai ba kowa ya koyi sabuwar gaisuwa. "Baba, mai wanki ne, ina kwana?" Shi kuma ya harare shi ya ce, "Na sani mana, wa ya tambaye ka?" Wani lokaci ya sani ɗin. Wani lokaci Inna ce ke raɗa masa daga bakin ƙofa.

Makon jiya na tsaya na gaishe shi, na ga idonsa ya wuce ni kamar baƙuwa. Zuciyata ta karye, amma na daure na ce, "Baba, magatakarda ce, mai littafi."

Ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "To, kin rubuta duka?"

"Duka, Baba. Ko ƙofa ɗaya ba ta zube ba."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafunsa a rana.

"Madalla," in ji shi. "To bari in ɗan huta."