Kyamarar da surukina ya zaɓa mini

Shekarun baya, tun wayoyin hannu ba su fara ɗaukar hoton kirki ba, na ƙudurta a raina sai na mallaki kyamara. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Kazaure, ban daɗe da aure ba, kuma na lura duk sunan da za a yi ko walimar sauka, sai an yi ta neman mai hoto ana rasawa. Asabar da Lahadi ba ni da aikin komai sai zaman majalisa, don haka na ga ga sana'a a ƙasa tana jiran mai ɗauka.

Na riga na san irin wadda nake so. Wani abokina da muke koyarwa tare ya sayo tasa daga Kano, siririya, ruwan azurfa, tana shigewa aljihun gaban riga ba tare da an lura ba. In ya kunna ta sai idonta ya zuro waje da wata 'yar ƙara mai daɗin ji. Kullum cikin faɗin yawan megafiksel ɗinta yake, ni kuma ina gyaɗa kai kamar masani, alhali da za a tsare ni a ce in yi bayanin megafiksel, da sai dai in ɓige da tari.

Na gaya wa matata ranar da zan shiga Kano, ita kuma ta gaya wa mahaifinta. Surukina mutumin Roni ne, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya. Ya shafe shekaru yana zaga rugage a kan babur yana yi wa shanu allura, da kyamarar ofis a jakarsa saboda ɗaukar hoton dabbobin da suka kamu da cuta. Sai ga saƙo daga wajensa cewa shi ma yana da ganin likitan ido a Kano ranar nan, mu tafi tare, in ya gama zai raka ni kasuwa.

Duk wanda ya san kunyar suruki ya san halin da na shiga. Mutumin da ba na iya cin abinci a gabansa, yaya zan yi musu da shi a shagon mutane?

Muna shiga shagon na hango ta a cikin gilashi, irin ta abokina sak. Mai shago ya fito da ita yana ta zuba mata kirari. Surukina ya karɓa. Ya buɗe murfin batir ya rufe, ya sake buɗewa ya rufe. Ya matsa jikinta da yatsu biyu, muka ji ta yi ƙas. Ya kunna, idon ya fito, ya ɗan taɓa shi da farce ya ga yana rawa. Sannan ya tambayi mai shago in batirinta ya mutu a ƙauyen da babu wuta, yaya ake yi. Mai shago ya ce sai a jira a dawo gari a yi caji. Surukina ya ajiye ta a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ya ce a nuna mana wata.

Wadda ya tsaya a kanta ta hannu ce, baƙa, mai kauri, gefenta duk ya goge. Jikinta lulluɓe da roba, murfin batirinta yana da sakata da wani zoben roba a ciki, idonta kuma ba ya fitowa waje, yana can bayan gilashi. Ƙananan batura take ci, irin na agogon bango. Megafiksel ɗinta bai kai na ta abokina ba, wannan kam na tambaya, don shi ne kaɗai abin da na iya tambaya.

Ya miƙo mini ita ya ce, “Malam, riƙe ka ji. Kaya irin wannan ba a zaɓarsa don ranar da komai ke lafiya. Don ranar wahala ake zaɓarsa.”

Na ce, “Haka ne, Baba.” A zuciyata kuwa ba haka ba ne ko kaɗan.

Tun daga Kano har Kazaure raina a ɓace yake. Da na isa gida matata ta ɗauke ta tana jujjuyawa, ta tambaye ni ko gawayi ake zuba mata. A makaranta abokina ya raɗa mata suna dutsen guga, sunan kuma ya bi ta. In muka haɗu a wajen biki, shi 'yan mata ke kira, ni kuma a bar ni da dattawa da masu rabon abinci. Na yi watanni ina jin haushin abin, ina lissafin ranar da zan sayar da ita a ɓoye in ce ta lalace.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi. Cikin hutun makaranta aka yi kwana uku ana ruwa kusan ba ɗaukewa. Rana ta huɗu da hantsi kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kira ni. Shi ne mai unguwa a ƙauyensu da ke yankin Gwiwa, inda aka haifi mahaifiyata. Sai da ya hau tudu ya sami sabis. Ya ce rafi ya ɓalle ya shigo gari, gidajen ƙasa sun zube da yawa, rumbuna sun jiƙe, mutane suna kwance a azuzuwan makaranta. Babu wanda ya rasu, alhamdu lillahi. Amma wata ƙungiyar agaji ta aiko cewa za ta zauna jibi ta tsara garuruwan da za a taimaka, motarsu ba ta iya shigowa saboda hanya ta yanke, don haka duk garin da ke son a saka shi ya kawo sunayen masu gidaje da hoton kowane gida. Ya ce shi ba shi da wanda ya sani mai kyamara sai ni.

Mahaifiyata tana zaune kusa da ni ta ji komai. Ba ta ce in je ba. Tashi kawai ta yi ta fara ƙulla garin kwaki da ƙuli-ƙuli a leda, ta ce in kai wa matan gidan kawu.

Ba ni da babur lokacin, sai na roƙi abokina. Ban taɓa manta masa ba, ko tambaya bai yi ba ya ce in hau. Ya ɗauko tasa kyamarar, ya ce da biyu aikin zai fi sauri, kuma ya ƙara da cewa tasa za ta fitar da ɓarnar sosai yadda masu agaji za su tausaya.

Mun bar kwalta ba da daɗewa ba hanya ta zama taɓo. Wani wurin mu hau, wani wurin mu tura. Da muka iso rafin da ke gaban ƙauyen, gadar ta tafi, sai duwatsu da jan ruwa yana gudu har cinya. Muka bar babur a wani gida da ke wannan tsallaken, muka naɗe wanduna. Wasu magidanta biyu da kawu ya turo suka shige gaba suna nuna mana inda za mu taka. Abokina ya naɗe tasa a leda ya sa a hula. Ni kuwa tawa tana rataye a wuya, ledar saƙon mahaifiyata a kaina.

A tsakiyar ruwan na taka dutse mai santsi. Abin kunyar shi ne, garin kwakin na tsare. Na ɗaga ledar sama da hannu biyu, ni kuma na zauna daɓas a cikin ruwa har ƙirji. Na ji kyamarar ta bugi dutse, na ji ƙarar har cikin haƙorina. Kafin magidantan nan su ɗago ni ta sha ruwa ta ƙoshi.

A bakin gaɓa na zauna ina kallonta, laka ta rufe gilashin, kusurwa ɗaya ta lotsa. Abokina ya dafa ni ya ce kada in damu, tasa tana nan. Na zare sakatar murfin batir. Ciki a bushe yake ƙamas. Na goge jikinta da hulata, na wanke gilashin da ruwan buta, amma na kasa kunnawa, don ina tsoron abin da zan gani. Na mayar da ita wuya muka shiga gari.

Ban taɓa ganin ƙauyen nan haka ba. Katangun da na yi wasa a gindinsu ina ƙarami sun zama tsibin laka. Mata suna tono kwanuka da tabarmi daga ƙarƙashin ƙasa, an baza gero a kan buhuna ya fara tsiro. Kawu yana gaba da takarda yana rubuta sunan mai gida, abokina yana ɗauka, ni ina biye kamar ɗan rakiya.

Mun yi gida goma sha wani abu sai yayyafi ya dawo. Abokina ya kashe tasa ya sa a aljihu, da ya lafa ya sake kunnawa, idon ya fito rabi ya tsaya. Ya kashe, ya kunna, ya hura, ya bubbuga a tafin hannu. Idon bai shiga ba, bai fita ba. Daga baya mai gyara ya ce ƙwayar yashi ce ta shiga tsakanin zoben idon. A lokacin dai mun tsaya cirko-cirko a tsakar wani gida da babu sauran ɗaki ko ɗaya a tsaye, mai gidan yana kallonmu, kawu yana kallona.

Na yi bisimilla na danna tawa. Ta kawo haske kamar ba abin da ya same ta.

Da ita muka ƙarasa garin. Yayyafi yana sauka a kanta ina gogewa da gefen riga ina ci gaba. Wajen la'asar baturan suka mutu, sauran unguwa guda. Kawu ya ja ni wurin wani mai tireda da ruwa bai kai ga shagonsa ba, ya zaro batura daga cikin kwali ya ba ni, ya ƙi karɓar komai. A tsaye a gaban tiredar nan na tuna tambayar da surukina ya yi wa mai shago a Kano, kunya ta kama ni ni kaɗai.

Washegari na wanke hotunan a Kazaure, har da waɗanda abokina ya ɗauka kafin tasa ta tsaya, muka lilliƙa kowanne da sunan mai gidan, kawu ya kai da kansa. Bayan 'yan makonni aka kawo kwanon rufi da siminti da hatsi. Bai ishi kowa yadda ake so ba, amma babu gidan da muka ɗauka da bai sami wani abu ba, kuma kafin sanyi ya shigo mutane sun bar azuzuwan makaranta.

Na je Roni takanas don in yi godiya, na shirya jawabi tun daga gida. Da na durƙusa na gaishe shi sai jawabin ya gudu. Na miƙa masa kyamarar kawai na ce ta faɗa rafi. Ya duba lotsawar, ya buɗe murfin ya shafa zoben robar, ya ce in riƙa goge shi kada yashi ya zauna. Sannan ya tambayi lafiyar mutanen ƙauyen, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya sani tun yana zuwa yi wa shanunsu allura. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Bayan kaka na koma ƙauyen gaisuwa. Wata tsohuwa, maƙwabciyar gidan kawu, ta aiko a kira ni. Ta ce tana son hoton gidanta na ranar nan, in akwai saura. Na yi mamaki, na ce, “Inna, me za ki yi da hoton kango, ga shi Allah ya ba ki sabon ɗaki?”

Ta ce, “Ba ɗakin nake so ba, ɗan nan. An ce Malam ya fito a ciki.”

Mijinta take nufi. Ya rasu bayan an yanke gero, ni ban ma ji ba. Da na koma gida na binciko hoton, sai ga shi kuwa a can gefe, wani dattijo da ban lura da shi ba ranar, yana tsaye da buta a hannu yana kallon wajen da nake. Bai taɓa ɗaukar hoto ba a rayuwarsa. Na sa aka yanke wajen aka faɗaɗa, aka sa a gilashi. Fuskar ta ɗan dushe, amma ana gane shi. Da na kai mata ta daɗe tana kallo, sannan ta goge gilashin da bakin mayafinta, duk da babu ƙura a jiki.

Yanzu waya ta karɓe wannan aikin, ni ma na daɗe da barin ɗaukar hoton biki. Amma tun daga lokacin, ko fanka zan saya ko injin ban ruwa, ba na fara tambayar me yake iya yi. Nakan juya shi in duba inda zai fara karyewa, in tambayi ko ana samun kayan gyaransa a kusa. Matata takan ce na zama mahaifinta, ni kuma ba na musu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda alheri ya zo mini a siffar da na raina, ta hannun mutumin da na bi don kunya kawai, ba don na yarda da shi ba. Tsohuwar nan tana nan da ranta. Duk zuwan da na yi sai ta kama hannuna ta yi ta sa mini albarka, tana cewa ni na dawo mata da fuskar Malam. Nakan ce amin, ban taɓa gyara mata ba. Sai dai in na fito daga ƙauyen, nakan bi ta Roni kafin in wuce gida.