Kawu da Dutsen da Ya Ƙi Fitowa

Da likitocin Kano suka ce aikin idon Kawu sai Indiya, ni aka ɗora wa rakiya, don ni ne malamin makaranta a dangi, wai ina jin Turanci. Kawu yayan mahaifiyata ne, manomi a Zandam. Kafin ciwon nan, tafiyarsa ba ta wuce kasuwar Gwaram, sai Birnin Kudu in ya zo duba ni. Ya daɗe yana gani dishi-dishi, har ya taɓa tsayawa yana gaisawa da buhun gero da aka jingine a zaure, ya ji haushi da bai amsa ba.

Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire bandeji, ni ya fara gani. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe haka ka yi furfura?" Daga nan idonsa ya sauka a kan wani hoto a bangon ofishin likita, wani farin dutse da ya tokare sama. Na tambaya masa, likita ya ce a Nepal yake, maƙwabciyarsu. Ya kuma ce kada mu koma gida tukuna, sai ya sake duba idon nan gaba kaɗan.

"To mu je mu gani," in ji Kawu.

"Kawu, hutawa aka ce ka yi."

"An wanke mini ido, sai in zauna ina kallon bangon masauki? Ka buga wa ɗan'uwanka waya."

Ɗan'uwan nawa shi ne babban ɗansa, ɗan kasuwa a Kano, wanda ya ɗauki nauyin tafiyar. Na yi zaton zai hana. Sai ya ce, "Duk abin da Baba yake so a yi masa." Na yi ta zarya ofishin jakadancin Nepal har aka ba mu biza.

Jirgi ya sauke mu a Katmandu, muka shiga wata motar haya da aka ɗaure awaki a samanta. Hanyar a jikin dutse aka sare ta, tana ta murɗewa, gefe guda kuma rami ne da ba a ganin ƙarshensa. Kawu ya dage sai ya zauna ta taga. Ba mu yi nisa ba ya leƙa ƙasa, ya rufe ido da hannu, ya kama salati.

"Da na sani," ya ce, "da na bari sai mun iso a cire bandejin nan."

Muka sauka a wani ƙauye, a gidan baƙi na wata tsohuwa da mijinta. Tsohuwar ta nuna mana taga, ta ɗaga hannu sama, alamar ta nan dutsen yake. Muka leƙa. Ba komai sai farin gajimare, ko bishiyar ƙofar gida ba a gani sosai. Washegari ma haka. Kawu ya zauna bakin gado cikin rigunan sanyi biyu da babbar riga a kai, sannan ya kira ni da wata murya mai ban tausayi.

"Ɗan nan, yanar idon ta dawo."

"Ba yana ba ce, Kawu, gajimare ne. Ni ma fari kawai nake gani."

"To kai ma a duba ka kafin mu tafi."

Da la'asar rana ta ɗan leƙo, na shimfiɗa mana darduma ina fuskantar ta. Kawu ya tsaya da alwalarsa yana kallona.

"Yamma ce fa nan."

Na yi masa bayani cewa a gida Makka tana gabas da mu, amma yanzu mun wuce ta, ta koma yamma. Tun a Indiya haka nake juya shi, bai sani ba saboda bandeji da zaman ɗaki.

"Mun wuce Makka?" ya ce. "Kana zaune, da Turancinka, ba ka ce wa direban jirgin ya ɗan tsaya ba?"

Ya bi ni sallar, amma da muka sallame ya ce kada in kuskura in faɗa wa limamin Zandam, shi zai san yadda zai kai masa maganar.

Wata safiya muka zagaya bayan gida, sai Kawu ya damƙe mini hannu. Wata baƙar dabba ce tsaye, mai faɗin ƙaho, tsohuwar nan kuma tana tsugunne a ƙarƙashinta da bokiti.

"Ɓauna ce," ya ce a hankali. "Ka gaya wa baiwar Allah nan ta janye jiki a sannu, kada ta ruga."

A wajenmu ɓauna sai a bakin mafarauta, su ma tsofaffi. Nan kuwa tatsar ta ake yi, har tsohuwar tana dukan cinyarta don ta tsaya daidai. Ta dafa madarar ta kawo. Kawu ya yi bisimilla ya kurɓa, ya jinjina kai, ya miƙa kofi a ƙara.

Abinci ne ya fi damun sa. Mun bar nama don ba mu san yankan ba, kullum shinkafa da romon wani ƙaramin wake. Rannan tsohuwar ta ga ya ture kwano, sai ta shiga kicin ta fito da abin da su kansu suke ci: wani tuwo baƙi-baƙi da miyar busasshen ganye. Kawu ya gutsura, ya mulmula, ya kai baki.

"Tamba ce," ya ce. "Tuwon tamba. Mutanen nan suna da tuwo suke ba mu abincin marasa lafiya?"

Daga ranar ya samu aboki. Shi da mai gidan suka riƙa fita gonakin da aka yanka a jikin tudu hawa-hawa kamar matakala. Kawu yana Hausa, tsohon yana yarensu, ba mai jin wani, amma har musu suke yi kan tazarar shuka, kowa yana gwadawa da ƙafarsa. Da na zo zan yi tafinta, Kawu ya ce in koma ciki, ina ɓata musu hira.

Ranar da za mu tafi, mun idar da sallar asuba ke nan tsohon ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ja Kawu waje. Gari ya washe tas. Na duba inda nake zaton dutse zai tsaya ban ga ƙarshensa ba, sai da na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Can sama, inda ya kamata a ce sararin samaniya ne, ga shi fari fat, rana ta shafa wa ƙololuwarsa ja. Kawu ya ƙura masa ido. Ya daɗe a tsaye, leɓɓansa suna motsi da tasbihi, hawaye na bin kumatunsa. Na tuna likita ya ce a riƙa sa masa maganin ɗigawa, na ciro kwalbar.

"Bar shi," ya ce. "Wannan ba na ciwo ba ne."

Can ya juyo ya tambaye ni ko gaskiya ne wasu suna hawa har sama. Na ce ƙwarai, daga ƙasashe masu nisa ma suke zuwa.

"Me ake nomawa a can?"

"Ba komai, Kawu. Ƙanƙara ce kawai."

Ya sake duban dutsen, ya girgiza kai. "Allah ya shirye su," ya ce. Sannan ya aike ni in roƙi tsohuwar ta ɗumama masa sauran tuwon jiya, don ba zai sake shiga motar nan da yunwa ba.